Sha Tara Cikin Ɗari

A Valdivia ruwan sama ba ya neman izini.
Kwana tara ke nan yana dukan kwanon rufi,
kogin Calle-Calle ya cika ya batse,
ni kuwa ina hawa na uku, daga ni sai madubin bincike
da ɗigon ɓargon Eleodoro Antilef,
masassaƙin jiragen ruwa, mai shekara sittin da takwas.

Jiya da aka soka masa allura a ƙugu
bai ce uffan ba, sai da ya ga kwalbar.
"Rayen," ya ce, "ɗan wannan abin ne ya kayar da ni?
Ni da nake saɓa gungume a kafaɗa?"

Me zan ce masa?
Cewa kowace ƙwaya da ke jikinsa
da takardar sallamarta aka haife ta,
a naɗe, a ɓoye can ƙuryar ɗaki?
In lokaci ya yi, saƙo kan ƙwanƙwasa ƙofa.
Lafiyayya ba ta musu.
Takan yayyanka zaren tarihinta da hannunta,
ta ƙanƙance, ta ɗaure kanta ƙulli-ƙulli,
maƙwabta su zo su kwashe, ba kuka, ba ƙura.
Dubban dubbai ke tafiya haka
kafin shayin da ke hannunka ya huce.
Da mutuwarsu muke tsaye.

Waɗannan kuwa, saƙo ya zo, sun toshe kunne.
Sun jera masu gadi kewaye da murhunsu,
furotin bayan furotin, kafaɗa da kafaɗa,
suna riƙe hannun duk wanda ya zo kashe wuta.
Ba su girma ba, ba su koyi sana'a ba,
hayayyafa kawai suka iya,
har jajayen ƙwayoyi suka rasa wurin sa ƙafa.
Shi ya sa leɓensa ya yi fari fat,
shi ya sa guduma ta fi ƙarfinsa a watan Mayu.

Ƙarfe goma sha ɗaya na ɗiga maganin.
Ba makashi ba ne.
Aikinsa ya ɗaure hannun masu gadi
don ƙwaya ta ji abin da tuntuni ake gaya mata.
Na rufe faranti, na mayar da shi wurin ɗumi,
na ci burodin da ya kwana a jaka,
na yi gyangyaɗi a kujerar Nibaldo mai gurguwar ƙafa.

Ƙarfe huɗu na kashe fitila, na leƙa.
Wadda ta amsa kira takan yi haske kore.
Ga su nan, kamar fitilun masunta a bakin Corral,
ɗaya, biyar, tsibi guda a gefen hagu.
Na ƙirga sau uku, don ido maƙaryaci ne da asuba.
Tamanin da ɗaya cikin ɗari.

Sha tara na zaune cikin duhu, kewayayyu, lafiya lau.
Sun samo wani mai gadin da ban ɗaure ba.
Na daɗe ina kallon su.
Na so in tsane su, abin ya ƙi:
ba abin da suke so sai abin da nake roƙa masa.

Da gari ya waye na bi ta kasuwar kifi,
zakunan teku na gurnani a kan ragowar kawuna,
takalmina ya jiƙe har safa.
Na same shi yana zana ƙashin jirgi a bayan takardar magani.
Na gaya masa lissafin, ban rage ba, ban ƙara ba.

"Sha tara," ya ce, yana tauna fensir.
"Jinina ne kam. Duk gidanmu haka muke."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Sannan ya ce in ɗan buɗe taga,
akwai katakon da ya bari a waje ba rufi,
yana so ya ji ko ruwan ya fara sassauci.